Jan birina ya girma ya fara cizo, in kai shi daji in sake shi?

Tambayar daga wani bawan Allah ce mazaunin Rigasa a nan Kaduna. Yace shekara huɗu da suka wuce ya sayi ɗan jan biri a bakin titi, lokacin ɗan mitsitsi ne, da madara a fida suka rene shi. Yanzu ya girma, namiji ne, ya fara cizo, shekaranjiya ma ya ciji ƙaramin ɗansa a hannu. Abokai sun ba shi shawara ya sa shi a buhu ya kai shi daji ya sake shi, sunce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, da ya shaƙi iskar daji jininsa zai motsa. Yana so ya san ko haka abin yake.

Malam sannu, Allah ya ba yaro lafiya. Kafin mu shiga maganar biri, in ba a kai yaron nan asibiti ba don Allah a kai shi yau, ko da ciwon ya yi kamar ya kame, kuma a faɗa musu ƙarara cewa biri ne ya cije shi don su duba batun allurar haukan kare da ta tetanus. In an sake samun cizo, Allah ya kiyaye, abin farko shine a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu kamar minti 15 sannan a tafi asibiti.

Toh amsar tambayarka a taƙaice ita ce a'a, kada ka sake shi haka nan. Harkar namun daji na karanta kuma a cikinta nake aiki, kuma wallahi wannan shawarar ta a kai shi daji shikenan tana cikin abubuwan da suka fi damuna, saboda masu bayar da ita da kyakkyawar niyya suke bayarwa, suna ganin 'yanci za a ba dabbar, alhali yawanci ajalinta ake kai ta.

Karin maganar da abokanka suka kawo gaskiya ce amma rabin hanya ta tsaya. Gudu kam birinka zai yi, jan biri ne ya fi kowane biri gudu a duniya, yana kaiwa wajen kilomita 55 a awa ɗaya, wannan a jikinsa yake ba wanda zai koya masa. Abin da babu a jikinsa shine wa zai guje wa, ina zai nufa in ya gudu, wace bishiya ake ci wacce ba a ci, ina ruwa yake idan an shiga watan Maris komai ya ƙafe, kuma ya ake gaida babba in an haɗu. Duk waɗannan a cikin garke ake koyonsu, a jikin uwa da inna da yayye, kuma shekarun da ake koyon sune daidai shekarun da naka ya yi ɗaure a tsakar gida.

Bari in fara da maganar kuka, don nan ne abin ya fi fitowa fili. Akwai birin nan mai baƙar fuska da jiki toka-toka da muke da shi a kurmi da bakin rafi, wanda wasu ke ce wa kirka. Danginsa na kusa suna nan a Kenya, a wani daji da ake kira Amboseli, kuma a kansu ne wasu masana uku, Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Peter Marler, suka fitar da wani bincike a 1980. An riga an lura biran suna da kukan gargaɗi kala-kala, na damisa daban, na gaggafa daban, na maciji daban. Su kuma sai suka naɗi kukan a rikoda, suka ɓoye lasifika a cikin ciyawa, suka jira lokacin da babu damisa babu komai biran na kiwonsu lafiya lau, sannan suka kunna. Da aka saki kukan damisa sai kowa ya haye bishiya. Da aka saki na gaggafa sai suka ɗaga kai sama suka faɗa cikin duhuwar ƙaya. Na maciji kuwa miƙewa suke tsaye da ƙafa biyu suna leƙen ƙasa. Kaga kenan kukan kansa yana ɗauke da labarin abin da ke tafe, ba ihun tsoro ba ne kawai. Kuma ka lura kuskure a nan mutuwa ce, wanda ya ji kukan gaggafa ya haye ƙololuwar bishiya ya kai kansa inda gaggafar ke so ne.

Inda ya shafe ka shine yaran. Ɗan biri ƙarami yana yin kukan, amma barkatai yake yinsa, ya ga kurciya ya yi kukan gaggafa, ganye ya faɗo daga sama ya yi kukan gaggafa, ya ga mugun dawa ya yi kukan damisa. Akwai ɗan abin da aka haife shi da shi, don abin sama yake yi wa kukan sama, na ƙasa ya yi masa na ƙasa, amma tacewar sai a hankali. In ya yi wa kurciya kuka manya su ɗaga kai su duba su cigaba da cin abincinsu, in kuwa gaggafar gaske ce sai manya su amshe kukan gaba ɗaya, a haka har ya gane wanne ne abin tsoro. Ni ban ce wannan yare ne irin namu na mutane ba, ba su zama su yi hirar jiya da shekaranjiya da shi, amma sadarwa ce ta gaske kuma sai da 'yan uwa take daidaita. Jan biri ma yana da kukan gargaɗi fiye da ɗaya. Naka ya tashi yana jin hon ɗin keke napep da kukan yara, ko ya ji kukan danginsa a daji ba lallai ya san abin da ake nufi ya yi ba.

Ko tsoron maciji da kowa ke rantsuwa a jinin biri yake, an gwada. A shekarun 1980 wata masaniya a Amurka mai suna Susan Mineka ta nuna cewa biran da aka haifa a keji ba sa tsoron maciji, za ka ga ɗan biri ya miƙa hannu ta saman maciji ya ɗauki abinci ko a jikinsa. Amma da zarar ya ga babban biri ɗan asalin daji ya firgita da macijin, shikenan shi ma tsoron ya kama shi kuma ba ya sakinsa. Abin da ya fi burge ni a aikin shine da suka haɗa bidiyo suka gyara shi ya zama kamar babban birin fure yake tsoro, yaran suka kalla amma ba su ɗauki tsoron fure ba. Wato Allah ya shirya ƙwaƙwalwar ta karɓi wannan darasin na maciji da sauri, amma dai sai an samu wanda zai bayar da darasin. Yanzu ka ɗauki birin da bai taɓa ganin wani biri ya razana ba ka sauke shi a inda kasa da gamsheƙa da mesa suke.

Abinci ma haka. A Afirka ta Kudu an yi wani gwaji da aka wallafa a 2013, an ba garken birai masara kala biyu, wata an rina ta shuɗi wata ruwan hoda, kala ɗaya an sa mata ɗaci. Bayan sun saba sai aka daina sa ɗacin. Jariran da aka haifa daga baya, waɗanda ba su taɓa ɗanɗana ɗacin ba, kusan dukkansu kalar da uwarsu ke ci ita suka ci. Har mazan da suka bar garkensu suka koma wani garke mai cin ɗaya kalar, yawancinsu suka bar abin da suka saba suka bi na masu gida.

Wannan na sha ganinsa da idona a gefen gonaki da damina ta ja baya. In ka samu garken jan biri ka zauna nesa ka yi shiru, za ka ga babban namijin ya ware can gefe ya hau kan suri ko kututture, ba ya cikin hayaniyar, idonsa na kan hanya. Matan ne ke jan tafiyar, don a jan biri mata ne 'yan gida, a garken da aka haife su suke mutuwa, maza ne ke fita idan sun tasa. Sai ka ga uwa ta tsaya jikin farar ƙaya tana ɓantaro ƙaro, ɗan nata ya matso har hancinsa na taɓa bakinta yana shinshina abin da take tauna, ɓarɓashin da ya faɗo ya tsince ya kai baki. Fara ta yi tsalle a gabansa, kafin ya kai hannu sai ya waiga ya kalli fuskar uwar tukunna. Wannan waigen da bai kai ƙiftawa biyu ba shine makarantar, kullum, daga safe har yamma, shekara da shekaru. Da dare kuma ba sa cunkushewa a bishiya ɗaya, bazuwa suke kusan kowa da tasa banda mai goyo, kuma ba su cika maimaita wurin kwana ba, duk saboda masu farautar dare.

Sai kuma babbar matsalar, wadda ta fi yunwa ta fi maciji, wato zama da 'yan uwa. Birai suna da ladabinsu. Tsincen jiki da kake gani suna yi wa juna ba neman kwarkwata ba ne kawai, da shi ake ƙulla zumunci da shi ake ba da haƙuri bayan faɗa. Kallon ido cikin ido a wurinsu neman rigima ne, mu kuma a gida mun saba masa da shi, yara na zuba masa ido suna dariya haƙora a waje. Tun a shekarun 1950 da 1960 wani Ba'amurke Harry Harlow ya raba jariran birai da iyayensu ya rene su su kaɗai, aikin da ni a ganina akwai rashin imani a ciki, amma abin da ya fito ba a manta shi ba. Biran suka girma suna rungume kansu suna jijjiga, in an haɗa su da wasu ko su takure a lungu ko su afka da faɗa, matan cikinsu da suka haihu da yawa ba su iya riƙon 'ya'yansu ba. In ka lura naka na jijjiga jiki ko yana cizon hannunsa ko tsotsar yatsa, daga nan abin yake. Cizon da ya fara kuma ba mugunta ba ce, shekara huɗu lokacin balagar namijin jan biri ne, fiƙoƙinsa sun fito, a daji da yanzu ya bar garken uwarsa yana gwada ƙarfi da sa'o'insa maza. A gidanka babu sa'o'i, sai ya gwada a kan wanda ya fi kowa ƙanƙanta.

To in ka sake shi ɗayan biyu ne. Ko ya ci karo da garke, namijin da ke riƙe da su ya yi masa jina-jina don bai san yadda ake kauce wa babba ba, ko kuma, wanda ya fi faruwa, ya bi hayaƙi da muryar mutane ya faɗa ƙauye mafi kusa, saboda shi a saninsa abinci a hannun mutum yake. Manomin da birai suka addabi masararsa ba zai tsaya tambayar tarihinsa ba, ga karnuka ga yara da duwatsu, kuma kafin a kashe shi wataƙila ya ciji ɗan wani. Kamar ka ɗauki yaron da ya tashi a tsakiyar Kaduna ne bai taɓa riƙe fartanya ba, ka sauke shi da magariba a ƙauyen da ba ya jin yarensu bai san kowa ba, kace ai kakanninsa manoma ne. Ga kuma cuta, biran da suka zauna da mutane suna iya ɗaukar tarin fuka daga wurinmu, in ya kai wa na daji ɓarnar ta wuce shi kaɗai.

Kuma kar ka ɗauka biri ne kaɗai. Giwa ta fi kowa nuna wannan abu. Garken giwaye tsohuwa ce ke jansa, kuma a Amboseli ɗin dai, inda Cynthia Moss ta fara bin giwaye ɗaya bayan ɗaya tun 1972, Karen McComb ta nuna a 2001 cewa garken da tsohuwarsu ta fi shekaru sun fi iya bambance muryar giwayen da suka sani da ta baƙi. Daga baya ta kunna musu gurnanin zaki a lasifika, tsofaffin ne suka fi gane cewa gurnanin namiji ya fi haɗari su tattara yara a tsakiya. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, a giwa wannan magana a zahiri take. Labarin da ya fi tsaya min a rai shine na dajin Pilanesberg a Afirka ta Kudu. An kwaso marayun giwaye da aka harbe iyayensu a dajin Kruger aka zuba su can, babu babban toron giwa ko ɗaya. Da mazan suka tasa sai suka shiga yanayin zafin jinin da kan zo wa toron giwa lokacin neman mata tun shekarunsu ba su kai ba, kuma ya ƙi sauka, tsakanin 1992 da 1997 suka kashe karkanda sama da 40, abin da giwa mai tarbiyya ba ta cika yi ba. A 1998 aka kawo manyan toraye guda 6 daga Kruger aka sake su a cikinsu, kasancewar manyan kaɗai ta sa zafin yaran ya kwanta kisan ya tsaya. Shi yasa duk lokacin da naji an harbe babbar giwa a Yankari ko wani wuri saboda haure, ba giwa ɗaya nake lissafawa ba, hanyoyin ruwa da na kiwo da ke kanta sun tafi tare da ita. Mu nan Kaduna da muke da dajin Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ya kamata wannan magana ta dame mu.

A ƙasarmu ma akwai misali mai kyau. Cimfanzi, wato manyan biran nan masu kama da mutum, na dajin Gashaka Gumti da ke Taraba da Adamawa suna gyara tsinke su zura a ramin kwarkwasa su ɗebo su ci, suna kuma haƙo zuma da sanda, amma gara ga ta nan a gabansu ba sa kula ta. Na dajin Gombe kuwa, Gombe ta Tanzaniya fa ba tamu ba, inda Jane Goodall ta fara aiki a 1960, kamun gara da tsinke shine sana'arsu. Na dajin Tai a Kwaddibuwa su kuma fasa ƙwallon itace suke da dutse da gungume, kuma yaro sai ya shafe shekaru a gefen uwarsa yana bugun banza kafin ya iya. Kowane gari da abin da ya gada. Akwai ma masu koyarwa da gangan, wata 'yar dabba dangin tunku a hamadar Kalahari da ake kira meerkat, manya kan kawo wa jarirai matacciyar kunama, in sun ɗan tasa a kawo mai rai amma an cire mata ƙari, sai daga baya a kawo lafiyayya a tsaya ana kallo. Mu musulmi ai ba baƙon zance ba ne a wurinmu, aya ta 38 a Suratul An'am ta gaya mana dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne irinmu.

Abu ɗaya da zan faɗa ba don in ɗora maka laifi ba, nasan tausayi ne ya sa ka saye shi. Jaririn biri manne yake da cikin uwarsa, ba ta ajiye shi ba ta bayar da shi, kusan duk ɗan birin da ka gani a hannun mai talla sai da aka kashe uwar. Kuɗin da aka biya kuma shi ke mayar da maharbin daji. Akwai dokar tarayya ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016 wadda ta hana ko ta taƙaita kamawa da cinikin namun daji da dama, amma ko ba doka, don Allah duk wanda ya ga ana talla ya wuce kawai.

Yanzu me za ka yi. Ka fara da likitan dabbobi, a duba lafiyarsa musamman tarin fuka da tsutsar ciki, in na kusa da kai bai saba da namun daji ba asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ba nisa. Sannan ka je sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli ta jiha ko hukumar gandun dajin ƙasa ka gaya musu kana so ka miƙa shi, ka tambaya a fili ina za a kai shi kuma akwai wasu jajayen birai a wurin ko babu, don abin da ya fi buƙata kenan. Masu wannan aiki da gaske, irin ƙungiyar Pandrillus da ke Kalaba tun 1991 duk da su wasu nau'in birai suke karɓa, ba sa sakin dabba ita kaɗai. Killacewa suke tukunna, sannan a haɗa ta da 'yan uwanta ta bayan waya su saba da warin juna, a hankali a haɗa su su zama garke, a rage musu ganin mutane, in an yi sa'a bayan shekaru a saki garken gaba ɗaya ana bibiyarsa. Wasu kuma har abada ba sa komawa daji, kuma gaskiya namiji ɗan shekara huɗu da bai taɓa ganin biri ba zai iya zama cikinsu. Jan biri na iya kaiwa shekara 20, gara ya yi sauran a fili mai faɗi cikin 'yan uwansa.

Kafin a samu wurin, a raba shi da yara kwata-kwata, mutum ɗaya babba ya riƙa kula da shi. Kar a dake shi, duka ƙara masa cizo yake, kuma kar ka yarda wani yace a cire masa haƙora ko a guntule su, azaba ce kuma ta rufe masa hanyar zama da 'yan uwansa. Ka duba ƙugunsa inda igiyar take, sau da yawa an ɗaura ta tun yana ƙarami ya girma ta nutse a cikin nama gashi ya rufe ba a sani ba, wani cizon ma zafin wannan ne. In da hali a yi masa keji mai faɗi da tsawo a inuwa, da reshen hawa da wurin ɓuya, a cire igiyar. A daina ba shi shayi da biskit da alewa, a koma ganye da 'ya'yan itace da gyaɗa kaɗan da dafaffen ƙwai, fara in an samu wadda ba a yi wa feshi ba, ƙaro ma yana so. Kuma maimakon a zuba masa a kwano a riƙa warwatsa abincin cikin busasshiyar ciyawa ko a cusa a cikin kwali ya wahala ya nema, don a daji yawancin yininsa a neman abinci yake ƙarewa, zaman banza na cikin abin da ke hargitsa shi.